Kufan filin jiragen yaƙi na Tinian: tambayoyi da amsoshi

Kowa ya san sunan Hiroshima da Nagasaki, amma da wuya ka samu mutum ɗaya cikin ɗari da zai faɗa maka daga ina jiragen da suka halaka biranen nan suka tashi. Daga wani ɗan tsibiri ne mai suna Tinian, a wani fili da Amurkawa suka kira North Field. A 1945 babu filin jirgin da ya kai shi girma a duniya. Bayan 'yan shekaru kaɗan daji ya cinye shi.

Ina ne ma Tinian ɗin?

Tsibiri ne a yammacin tekun Pasifik, cikin jerin tsibiran Mariana ta Arewa. Faɗin ƙasarsa bai wuce murabba'in kilomita 101 ba, tsawonsa kuma wajen kilomita 20 ne. Mashigin ruwa na kimanin kilomita 5 ya raba shi da Saipan, babban tsibirin yankin, Guam kuma tana kudu da shi da nisan kusan kilomita 200. Ƙidayar 2020 ta samu mutum dubu biyu da 'yan kai a cikinsa, kusan dukkansu a gari ɗaya, San Jose, can kudu. Filin da muke magana a kai yana ƙarshen arewa, inda ba kowa.

Yankin yana ƙarƙashin Amurka, mutanensa kuma sun zama 'yan ƙasar Amurka tun 1986.

Amurkawa ne suka fara gina filin?

A'a, sun tarar da shi ne. Tsibirin ya sha canza iyayen gida. Asalin mutanensa Chamorro ne, har yanzu ginshiƙan dutsen da kakanninsu suka sassaƙa suna nan a wurin da ake kira Gidan Taga. Sifaniyawa suka zo suka kwashe su zuwa Guam, tsibirin ya daɗe kusan ba mutane. A 1899 Sifaniya ta sayar wa Jamus, a 1914 Japan ta ƙwace daga hannun Jamus.

Japanawa ne suka raya shi. Kamfanin Nanyo Kohatsu ya mai da kusan duk ƙasar gonar rake, aka kafa masana'antar sukari, aka shimfiɗa layin dogo, aka kwaso dubban manoma da leburori, akasarinsu daga Okinawa, wasu daga Koriya. Da gajimaren Yaƙin Duniya na Biyu ya fara haɗuwa, sojan ruwan Japan ya gina filin jirgi a arewacin tsibirin, wurin da ake kira Ushi Point, har da fursunonin da aka kwaso daga gidajen yarin Japan a cikin masu aikin. Nan ne Bayis Admiral Kakuji Kakuta ya kafa hedikwatar rundunar jiragensa. Wannan ya sa gine-ginen da suka rage a tsaye a filin yau kusan duk na Japan ne.

Ta yaya ya faɗa hannun Amurka?

Da yaudara. Bayan Saipan ta faɗi a farkon Yulin 1944, Japanawan Tinian, su dubu takwas zuwa tara ƙarƙashin Kanar Kiyochi Ogata, sun san su ne na gaba. Sun sa ran za a sauka a bakin tekun garin Tinian da ke kudu, don nan ne kaɗai ke da gaɓa mai faɗi. Ranar 24 ga Yuli, jiragen ruwan Amurka suka yi dafifi a gaban garin, aka sauke ƙananan jirage cike da soja kamar za a hau tudu, sai suka juya. A daidai lokacin ainihin mayaƙan suna sauka a arewa maso yamma, a wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ba wanda ya yi tsammanin runduna za ta iya bi ta cikinsu. Ɗaya daga ciki faɗinta bai kai mita 60 ba.

Cikin kwana biyu filin Ushi Point ya shiga hannu. Ranar 1 ga Agusta aka ce an kama tsibirin duka. Amurka ta rasa mutum ɗari uku da wani abu. Sojan Japan kuwa 'yan ɗaruruwa ne kawai aka kama da rai. Abin da labaran jarumtaka suka cika tsallakewa shi ne fararen hula: manoman rake da matansu da 'ya'yansu sun gudu kogunan kudu, an riga an cusa musu cewa faɗawa hannun Amurkawa ya fi mutuwa muni, wasu suka faɗa daga saman dutse cikin teku. Akwai duwatsun tunawa da su a wurin har yau.

Me ya sa suka nace sai wannan ɗan tsibirin?

Saboda jirgi ɗaya, B-29. Shi ne jirgin yaƙi mafi dogon zango da Amurka ke da shi, fukafukansa mita 43 daga wannan kai zuwa wancan, injina huɗu, ma'aikata goma sha ɗaya. Da farko an gwada kai wa Japan hari da shi daga Indiya ta hanyar yada zango a Sin, amma kowane digon mai sai an tsallaka da shi kan tsaunukan Himalaya ta sama, wahalar ta fi ribar yawa. Daga tsibiran Mariana kuwa Tokyo kilomita 2,400 ce ko kusa da haka. Jirgin zai je ya dawo, mai da bama-bamai kuma jirgin ruwa zai kawo su har bakin gaɓa.

Tinian ta fi maƙwabtanta da abu guda: shimfiɗaɗɗiya ce, ƙarƙashinta kuma farin dutsen murjani ne wanda in aka niƙa aka daddale sai ya yi tauri kamar siminti.

Yaya girman filin yake?

Titin tashin jirgi huɗu ne jere da juna, daga gabas zuwa yamma, kowanne tsawon mita 2,600. Sunayensu Able, Baker, Charlie da Dog, wato A, B, C, D a yadda sojan Amurka ke kiran haruffa a lokacin. Tsakaninsu hanyoyin jan jirage ne da wuraren ajiye B-29 har 265. A tsakiyar tsibirin kuma aka yi wani filin, West Field, mai manyan tituna biyu.

Masu aikin su ne injiniyoyin sojan ruwa da ake wa laƙabi da Seabees, wajen mutum 15,000. Ba dare ba rana: a fasa dutse da nakiya, tifa ta kwasa, katafila ta baje, a yayyafa ruwan teku, a danne. Tun ana harbin juna a kudancin tsibirin aka soma gyaran filin Japanawa a arewa. A farkon 1945 jiragen B-29 sun fara kai hari daga nan. Tsibirin da yau ke da mutum dubu biyu ya ɗauki sojan Amurka kusan 40,000 a ganiyar yaƙin.

Ranar babban hari, jirage kan yi layi kamar motoci a gidan mai, su riƙa tashi daga titunan a tare, wani na bin wani ba a cika minti guda ba.

Wai da gaske ne titunan tsibirin sunayen birnin New York gare su?

Da gaske ne. Injiniyoyin sun ga siffar Tinian ta yi kama da Manhattan, tsibirin da ke tsakiyar birnin New York, sai suka raɗa wa hanyoyin sunayen can. Babbar hanyar da ta tashi daga San Jose ta miƙe har filin, Broadway ake ce mata har yau, akwai kuma 8th Avenue da 42nd Street.

Mene ne waɗannan ramuka biyu da kowa ke zuwa gani?

Su ne dalilin da ya sa ake tuna wurin. A tsakiyar 1945 wata runduna ta musamman, ta 509, ta sauka a North Field ƙarƙashin Kanar Paul Tibbets, matashi ɗan shekara 30. Aka killace musu gefe guda da waya da masu gadi. Sauran matuƙa, waɗanda kullum ke zuwa Japan suna dawowa da gawawwakin abokansu, sun riƙa yi musu ba'a, suna ganin 'yan gata ne da ba sa taɓuka komai. Yawancin 'yan rundunar ma ba su san abin da za su ɗauka ba.

Matsalar ita ce bama-baman nukiliyar da za su ɗauka sun fi ƙarfin a tura su ƙarƙashin cikin jirgi yadda aka saba. Na farkon, Little Boy, tsawonsa mita 3, nauyinsa kilo 4,400. Na biyun, Fat Man, ya ɗan fi nauyi, ga shi ƙato, faɗinsa mita ɗaya da rabi. Tsakanin cikin B-29 da ƙasa babu wannan sararin. Sai aka haƙa rami aka zuba masa kankare, aka kafa jak mai aiki da mai a ƙasansa. A jawo bam ɗin a kan tirela lulluɓe da tamfol, a ajiye shi kan jak, a sauke shi cikin ramin. Sannan a turo jirgin da baya a hankali, tayoyinsa na bin gefe da gefe, har ƙofar cikinsa ta daidaita da bakin ramin. Sai jak ya ɗaga bam ɗin sannu-sannu ya shige ciki, a maƙale shi da ƙugiya ɗaya tal.

Ramin bai fi a ce an haƙa tushen ƙaramin shago ba. Wanda ya ci karo da shi ba tare da allo ba zai ɗauka ramin bakanike ne na duba ƙarƙashin mota.

Da ƙarfe 2:45 na daren 6 ga Agusta 1945, Tibbets ya tashi daga titin Able da jirgin da ya sa wa sunan mahaifiyarsa, Enola Gay. Ƙarfe 8:15 na safe agogon Japan bam ɗin ya faɗa kan Hiroshima. Kafin shekarar ta ƙare an ƙiyasta mutum 140,000 sun mutu. Ranar 9 ga wata Manjo Charles Sweeney ya tashi da wani jirgin mai suna Bockscar, ɗauke da Fat Man. Kokura aka nufa, hayaƙi da gajimare suka rufe garin, bayan zagaye uku ya karkata zuwa Nagasaki, inda mutum sama da 70,000 suka mutu kafin ƙarshen shekara. Mai ya kusa ƙare masa, bai iya komawa Tinian kai tsaye ba, sai a Okinawa ya sauka da ƙyar.

Ta ina bama-baman suka iso tsibirin?

Gunduwa-gunduwa, wasu ta sama, wasu ta ruwa. Jirgin ruwan yaƙi USS Indianapolis ne ya kawo manyan sassan Little Boy da wani kaso na yuraniyam ɗinsa ranar 26 ga Yuli. Kwana huɗu bayan haka jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya nutsar da shi. Cikin mutum kusan 1,200 da ke ciki, 316 ne suka tsira, sauran da suka faɗa ruwa ƙishirwa da kifayen shak suka gama da yawancinsu kafin a ankara da su.

A Tinian aka harhaɗa bama-baman, cikin wasu rumfuna masu na'urar sanyaya ɗaki. Daɓen kankaren rumfunan na nan cikin daji.

An ce a sama aka ƙarasa haɗa bam ɗin Hiroshima. Me ya sa?

Tsoron titin da kansa. Injinan B-29 sun yi ƙaurin suna wajen kamawa da wuta, jirgin kuma yakan tashi da kaya fiye da ƙima. Ƙarshen titunan North Field ya sha ganin jirage sun kasa ɗagawa sun kife sun ƙone da mutanensu. Kyaftin William Parsons na sojan ruwa, wanda ke kula da makamin, ya ga irin wannan da idonsa, ya lissafa abin da zai faru in Enola Gay ta yi haka da bam a ɗane: arewacin tsibirin ne zai tafi. Sai ya yanke shawarar ba za a sa albarushin da ke tayar da bam ɗin ba sai an tashi. Ya yini yana gwadawa a cikin matsattsen cikin jirgin har hannuwansa suka yi rauni, da dare kuma, bayan sun ɗaga, ya rarrafa ya yi aikin da hasken tocila.

To aikin filin ke nan, bama-baman nukiliya biyu?

Ko kusa. Jirage biyun nan sun rufe sunan sauran, alhali ɓarnar da aka yi da bam na yau da kullum ba ta gaza ba. A daren 9 zuwa 10 ga Maris 1945, bisa umarnin Janar Curtis LeMay, jirage daga Guam da Saipan da Tinian suka yi wa Tokyo ruwan bama-baman wuta. Gidajen katako da takarda ne, ga iska. Kimanin mutum 100,000 suka ƙone a dare ɗaya. Haka aka bi biranen Japan fiye da 60.

Rundunar 313 da ke North Field ta yi wani aikin da ba a cika ambata ba. Daga ƙarshen Maris ta riƙa zuba nakiyoyin ruwa da laima a mashigai da tasoshin jiragen ruwan Japan, musamman mashigin Shimonoseki. An zuba wajen 12,000. Sunan da suka ba shirin ma bai ɓoye niyya ba, ma'anarsa kisa da yunwa. Ƙasar da ke dogaro da jiragen ruwa wajen samun abinci da mai sai ta wayi gari an shaƙe ta.

A ganina duk wanda ya tsaya bakin ramukan nan biyu ya ɗauki hoto ya juya, ya ga rabin labari ne. Titunan huɗu su ne suka fi ɗaukar rai.

Akwai abin da ya haɗa wurin da Afirka?

Abu biyu. Yawancin yuraniyam ɗin da shirin bam na Amurka ya fara aiki da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ya fito, a lardin Katanga na Kwango, lokacin tana hannun Beljiyam. Ba a taɓa samun ma'adinin da ya kai na can inganci ba. Shugaban kamfanin haƙar, Edgar Sengier, ya tura tan 1,200 zuwa New York tun 1940, ya jibge a wani sito, kafin ma sojan Amurka su zo nema. Leburorin da suka haƙo shi ba wanda ya gaya musu abin da suke taɓawa.

Na biyu, a lokacin da jiragen nan ke tashi, dubban sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, da yawansu daga arewacin Nijeriya, suna fagen yaƙin Burma da Indiya, inda suka gwabza da sojan Japan ɗin nan. Japan ta sanar da miƙa wuya ranar 15 ga Agusta 1945, da yawa daga cikinsu kuwa sai a 1946 suka ga gida.

Da yaƙi ya ƙare fa?

Aka watse kamar kasuwa ta tashi. Rundunonin suka koma wasu wuraren, aka mayar da Japanawa da Koriyawa ƙasashensu, a 1947 aka rufe filin. Jiragen da suka lalace aka sassare su aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe. A 1948 aka kawo wasu Chamorro da suka daɗe zaune a tsibirin Yap, su ne tushen mutanen San Jose na yanzu.

Sai wani itace ya karɓi wurin. Tangan-tangan suke kiransa, masana kuma Leucaena. Yana da saurin girma, yana cunkushewa har mutum bai iya ratsawa sai da adda. Ya fito ta kowace tsaga, ya rufe wuraren ajiye jirage, ya haɗiye titi biyu kusan gaba ɗaya. West Field ne ya tsira, shi ne filin jirgin fasinjan tsibirin a yau.

Me mutum zai gani in ya je?

Ramukan biyu suna arewa da titin Able. An taɓa cike su da ƙasa aka dasa itatuwa a kai, sai a 2004, lokacin cika shekara 60 da yaƙin tsibirin, aka sake tone su aka yi musu rumfar gilashi. A ciki an jingina manyan hotunan ranar da aka ɗora bama-baman. Alluna sun ce rami na 1 na Hiroshima ne, na 2 na Nagasaki. Ba ƙofa, ba mai karɓar kuɗin shiga, sau da yawa ba kowa sai kukan tsuntsaye.

Kafin a soma sake gyaran filin, titin Able da Baker ne suka fi sauran tsira, mutum kan iya tuƙa mota a kansu daga wannan kai zuwa wancan, ciyawa na fitowa ta tsagogin kwalta.

Amma gine-ginen Japanawa ne ke riƙe baƙo. Akwai benen kankare mai hawa biyu, hedikwatar Kakuta, rufinsa a huje inda bam ya faɗa, rodi na reto kamar saiwa, bangon duk tabon harsashi. Kusa da shi ginin kula da zirga-zirgar jirage ne, wanda Amurkawa suka gyara suka ci gaba da amfani da shi. Ga maɓoyan hare-haren sama, dogaye masu kaurin bango da ƙofofin ƙarfe. Sannan ga rumbun man da aka sassaƙa cikin dutse. Wuta ta kama shi lokacin yaƙin, zafin ya kai har kankaren rufin ya ɓantale ya zubo. Gangunan suna nan a jibge cikin duhu, sun kumbura, sun fashe, sun yi tsatsa, shekara 80 ba wanda ya kawar da su.

A gaɓar Chulu, ɗaya daga cikin wuraren da Amurkawa suka sauka, akwai ɗakin bindigar Japanawa na kankare yana kallon teku. A kan Broadway kuma akwai ragowar wurin bautar Shinto da tsohon ginin sadarwar sojan Japan. A 1985 gwamnatin Amurka ta sa filin da gaɓoɓin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa.

Jiragen biyu suna can?

A'a. Enola Gay tana gidan tarihin jirage na Smithsonian kusa da filin jirgin Dulles a jihar Virginia, Bockscar kuma tana gidan tarihin mayaƙan saman Amurka a Dayton, jihar Ohio.

Ana barin mutane su shiga? Ba haɗari?

Ana zuwa. Daga Saipan ƙaramin jirgi ake hawa, tafiyar minti goma zuwa sha biyar, sai a yi hayar mota a San Jose a bi Broadway. In soja na atisaye ko aiki sukan rufe hanyoyin arewa. Haɗarin da ake ja wa baƙi kunne a kai shi ne harsasai da gurneti da ba su fashe ba, don har yanzu ana tono su. In ka ga ƙarfe mai tsatsa a daji, ba naka ba ne. Wanda ya je a watan Fabrairu zai tarar da bikin barkono, don tsibirin ya yi suna da wani ɗan mitsitsin barkono mai azabar yaji da ke fitowa da kansa a jeji.

Wanda ba shi da halin zuwa, ya buɗe Google Earth ya nemi arewacin Tinian. Layukan huɗu suna nan ɓaro-ɓaro.

Gaskiya ne Amurka na sake farfaɗo da filin?

Gaskiya ne, dama ba ta taɓa sakin wurin ba. Tun 1983 ma'aikatar tsaronta ke riƙe da hayar kusan kashi biyu cikin uku na tsibirin, ta shekara 50 da damar sabuntawa. A 2012 sojojin ƙundumbalar ruwa suka share titin Baker, jirgin dakon kaya samfurin KC-130 ya sauka a kai. A Disamban 2023 Janar Kenneth Wilsbach, kwamandan mayaƙan saman Amurka a Pasifik a lokacin, ya faɗa a fili cewa za a ƙwato filin daga daji. A Afrilun 2024 aka ba kamfanin Fluor kwangilar dala miliyan 409.

Dalilin shi ne Sin. Babban sansanin Andersen da ke Guam yana cikin zangon makamanta masu linzami, don haka Amurka ke son warwatsa jiragenta a ƙananan filaye da yawa maimakon tara su wuri guda.

Mutanen tsibirin kansu ya rabu. Wasu na hangen aiki da gyaran hanya da tashar jirgin ruwa, a wurin da samari ke ficewa neman abin yi. Wasu na tunanin makiyayar shanunsu da ke cikin ƙasar hayar, da ruwan shansu na ƙarƙashin ƙasa, da kuma abin da ke samun ƙaramin tsibiri in manya suka sa shi cikin lissafin yaƙi. Sun taɓa tayar da jijiyar wuya a 2015 kan wani shirin mai da arewacin tsibirin filin harbe-harbe da manyan bindigogi, har aka rage shi. A hotunan tauraron ɗan'adam na baya-bayan nan an sare tangan-tangan daga kan titunan da hanyoyin da ke tsakaninsu, farin dutsen da Seabees suka daddale a 1945 ya sake fitowa fili.